Abin da Rariya Ta Tare a Yumɓun Inna

Kwanan baya autata mai karatun aikin jinya ta same ni a tsakar gida nan Kaura ina tsinkar zogale, ta ja kujera ta zauna, ta shiga ba ni labari kamar ta zo da abin da kunne bai taɓa ji ba. Wai leda ba ta ruɓewa, marmashewa kawai take yi, ta yi ta ƙanƙancewa har ido ya daina ganinta, ta shiga ruwan tabki, ta shiga cikin kifi, daga nan ta iso cikinmu. Na bar ta ta gama tsaf, don ni ba na katse mai ilimi. Da ta yi shiru na ce mata wannan abin na riƙe shi a tafin hannuna tun ba a san za a haife ta ba. Ta yi dariya, ta ɗauka zolayarta nake yi. Ni kuwa tun daga ranar tabkin garinmu ya dawo mini a rai, ya ƙi tafiya.

Garin ƙarami ne, in ka baro Kaura ka ɗauki hanyar Shinkafi sai ka sauka ka yi tafiyar ƙasa. Can aka kai ni aure, kuma abin da na fara gani kafin in ga gidan mijina shi ne tabkin. Da damina ne. Ruwa ya cika ya shafe fadama, bado ya rufe rabinsa da fararen furanni, zalɓe na tsaye a gefe ko motsi ba ya yi. Da almuru kwaɗi suka ɗauka, ba ɗaya ba ba ɗari ba, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Kirinjijiya, agwagwar daji, ta zo garke-garke tana fito, ta sauka, ruwa ya yi ta rawa. Na tashi a garin da ruwa sai a rijiya mai gaba ashirin, saboda haka tsoro ya kama ni, irin tsoron da ke haɗe da sha'awa. Da rani kuma sai tabkin ya riƙa ja da baya a hankali, ya bar laka baƙa wuluk, ta bushe ta tsattsage. Lokacin ne Fulani ke gangarowa da shanu ta wajen Jangeru, kana gida kana jin kukan shanu da tsakin makiyaya, ƙasa tana amsa takunsu. Yaran yanzu da suka san ruwa a jarka da buhun leda ba za su gane abin da nake nufi ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Uwar mijina maginiyar tukwane ce, kowa Inna yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Gajeruwa ce, mai faɗa, mai tsabta har ta yi yawa, kuma har na haifi uku ba ta daina kirana Amarya ba. Gidanmu ba a yi wa mata kulle, sana'a ba ta bari. In ruwa ya janye mukan fita da sassafe ni da ita da jaki, mu je gefen tabki na gabas inda uwarta ta haƙi yumɓu, inda kakarta ma ta haƙa. Ba ta taɓa sa fartanya ba tare da bisimilla ba. Takan ɓallo ɗan yumɓu ta murza, ta shinshina, wani lokaci har ta ɗora a harshe. A wajen kwaɓi kuwa ba ta yarda da ido ko kaɗan. Takan ce mini, “Ruhe idonki, Amarya, ki taɓa. In akwai tsakuwa ko saiwa yatsunki su hwaɗa maki.” Haka take yi, idonta a rufe, tana hira, tana zaro tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gero ba tana yarwa. Ban taɓa ganin tukunyarta ta fashe a wuta saboda tsakuwa ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Na sari wani ƙaton curin laka busasshe, ya rabe biyu, sai ga abu dogo a naɗe a ciki, a lulluɓe da wata 'yar fata kamar ɓawon albasa. Na yi ihu na yar da fartanya, na ce maciji. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Gaiwa ce. Ta ɗauke ta da hannu biyu ta kai bakin ragowar ruwa ta ajiye, muka tsuguna muna kallo. Can sai kifin da ya yi watanni a cikin busasshiyar ƙasa, ba ci ba sha, ya motsa wutsiya, ya buɗe baki, ya sulale ya shige. Inna ba ta yi mini wa'azi ba, cewa kawai ta yi, “Kin gani ko? Ƙasag ga da rai gare ta. Ki riƙa taɓa ta da ladabi.” Muka koma haƙa.

A lokacin ba mu san wani abu wai shara mai dawwama ba. Ƙosai a ganye ake ƙunsa shi, gishiri a takarda, mai a kwalba, nono a ƙwarya. Abin da ya lalace a zuba a juji, bazara ta yi a kwashe juji a kai gona ya zama taki. Abin da ya rage ruwan sama ya kwashe shi ta kwararo ya gangara da shi tabki, don duk makwararar da ke garin can ta nufa, kuma kafin wata shekara ya zama laka. Haka muka gada, kuma bai taɓa cutar da kowa ba. Da baƙar leda ta fara shigowa daga kasuwar Shinkafi, wanke ta muke yi mu shanya mu adana, don abin marmari ce. Sannu a hankali ta yi araha har mai daddawa ma a ciki take ba ka. Aka zo aka ce an ba mu jiharmu, an raba mu da Sakkwato, motoci suka ƙaru a hanya, 'yan tireda suka ƙaru, ruwan leda ya biyo su, wanda yara ke ce wa fiya wata. Ka ciji kusurwa ka tsotse ka yar. Mu kuma muka ci gaba da yi mata abin da muke yi wa ganye, mu share mu zuba a juji, ruwa ya kai ta tabki. Rana ta gasa ta, kofaton shanu ya kirɓa ta cikin laka shekara bayan shekara. In ta ɓace mana da gani sai mu ɗauka ta ruɓe.

Abin ya fara ne da tulunan Inna. Wata mata ta dawo da nata ta ce yana ɗiga, Inna ta musanya mata tana mita, ta ce matar ce ta buga shi da bango. Aka dawo da na biyu, aka dawo da na uku. A ranar kasuwa na ji da kunnena wata tana ce wa 'yar'uwarta kayan Inna sai an duba yanzu, tsufa ya kama ta. Na so in tanka, na tuna ni suruka ce, na haɗiye. Ban gaya wa Inna ba, amma ta sani. Na lura ta daina hira in tana kwaɓi, tana maimaita wuri ɗaya sau uku sau huɗu.

Ana cikin haka aka kawo shari'a. Wanda bai ga garuruwanmu a wannan lokacin ba da wuya ya yarda. Mutanen da ba ka ganinsu a masallaci sai Juma'a suka koma sahun gaba, masallacin garinmu ya yi kaɗan har aka kafa rumfar kara a waje. Mu mata muka koma dogon hijabi, ni da nawa nake zuwa haƙar yumɓu, in naɗe shi in ƙulle a ƙugu, Inna tana ce mini na yi kama da buhun da aka ɗaure a tsakiya. Kowa yana neman abin da zai yi don Allah. Masu hali suka sayi tabarmi da butoci. Inna ta ce ita ba ta da ko ɗaya sai hannunta, za ta gina wa masallaci randar da ba a taɓa gani ba a garin, masu salla su sha su yi alwala, ladan aikin ya je wa iyayenta. Na san har da wani dalili a ranta. So take a sa aikinta a inda duk gari zai gani sau biyar a rana, masu cewa ta tsufa su yi shiru.

Kwanaki ta yi tana gininta. Ta fara da gindi, ta bar shi ya sha iska, ta riƙa ɗora yumɓu tana zagayawa da baya da baya, hannu ɗaya a ciki da ɗan dutsenta mai santsi, ɗaya a waje da guntun katakon da take daddaɓawa da shi. Wannan sautin, ɗaf ɗaf ɗaf, da shi nake tashi da shi nake wuni. Randar ta yi ta tashi har ta kai ƙirjinta, sai da ta hau turmi kafin ta gyara baki. Ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge ta da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har tana ɗaukar ido. Ranar gashi muka jera kara da busasshen kashin shanu, aka sa wuta da la'asar. Na ji wani ɗan wari a cikin hayaƙin, irin na ƙonannen takalmin roba, na ce ko wani yaro ne ya jefa leda a kara, ban ƙara tunaninsa ba. Da safe aka yaye toka, randa ta fito ja jawur ba tsaga ko ɗaya. Maza huɗu suka ɗora ta a amalanke, yara na biye, mata na leƙe ta kan danga.

Kwana bakwai bayan nan ladanin masallaci ya yi sallama a zaure. Mutum ne mai kunya, sa'an mijina. Inna ta fita, ni kuma na tsaya a bayan ƙofa, don ban taɓa iya zama a ɗaki ana magana a zaure ba. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi jaki ma.

“Inna, Allah shi saka da alheri, Allah shi kai lada kabarin magabata,” ya ce. “Sai dai randag ga tana zuba.”

“Naso ne, Malam. Sabuwar randa dole ta yi naso.”

“Mu ma haka munka ce. Amma mu cika ta da asuba, kahin azahar ta koma rabi. Wurin duk ya zama taɓo. Jiya wani dattijo yas sulɓe, Allah dai yat tsare.”

Inna ta ce a dawo da ita. Da yamma aka dawo da ita a amalanken da ya kai ta, ta hanyar da ta bi, mutanen da suka yi kallo suka sake kallo.

Washegari ta kira ni. Ta ɗauko ƙoƙon da take ajiye kayan aikinta, dutsen da katakon da zaren 'ya'yan kuka, ta tura gabana. “Amshi, Amarya. Hannuna ya ƙare. Shekarun da nis samu sun isa.” Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce ba shawarata take nema ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta da rana tsaka, matar da ban taɓa ganin bayanta a tabarma ba sai da dare. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san ba randa kaɗai aka dawo da ita ba, sunan da ta yi shekaru tana ginawa ne aka sauke a tsakar gida.

A sana'armu tukunyar da ta lalace ba a yar da ita, fasa ta ake yi a daka tsingaron a haɗa da sabon yumɓu don ya yi ƙarfi. Na sa taɓarya na fasa randar, da haushi ma na fasa ta. Ina tsince gutsattsarin sai idona ya kai kan bakin wani. A cikin kaurin jikin akwai wata 'yar kafa siririya, a kwance, kamar an zura farce an zare, gefenta baƙi. Na ɗauki wani, akwai. Na ɗauki wani, har biyu. Tsakuwa ba ta barin irin wannan, saiwa ma ba ta bari. Wani abu ne ya kwanta a wurin, wuta ta cinye shi, ya bar gurbinsa. Sai warin nan na ranar gashi ya faɗo mini. Na je inda ragowar yumɓun Inna yake, wanda ta kwaɓa da hannunta, na ɗebo curi na jefa a kwatarniya, na zuba ruwa na dama har ya koma kamar kunu. Na ɗauko rariyar tankaɗen gari na juye.

Ruwan laka ya wuce. Na ƙara ruwa mai kyau na ɗauraye. Abin da ya rage a kan rariya bai cika tafin hannu ba, amma na daɗe ina kallonsa. Wasu baƙaƙe, wasu farare da ake ganin hasken rana ta cikinsu, wasu da ɗan shuɗin rubutu a jiki. Mafi girmansu bai wuce farcen ɗan yatsa ba, mafi yawansu kamar dusa, wasu kuwa sai na karkata rariyar sun yi ƙyalli sannan na san suna nan. Na tabbata akwai waɗanda suka fi ramin rariyar ƙanƙanta, sun bi ruwa sun wuce.

Na shiga ɗakinta ko sallama ban yi ba, na ce ta taso ta gani. Ta fito tana faɗa, ta tsuguna.

“Mi ne wanga?”

“Leda ce, Inna. Cikin yumɓunki nit tace ta.”

“Ƙarya kike. Ni nik kwaɓa shi.”

Na ɗauki guda ɗaya na cusa a ɗan danƙararren yumɓu na miƙa mata. Ta rufe ido kamar yadda ta saba, ta murza, ta sake murzawa, ta juya shi a yatsunta. Ba ta ji komai ba. Abin ba ya suka, ba shi da tauri, laushinsa ɗaya da na laka. Ta buɗe ido ta ɓare curin, ga ta nan kwance. Na zaci za ta yi murna an wanke hannunta. Ba ta yi ba. Ta ɗaga ɗan gutsuren sama tana kallon rana ta cikinsa, bakinta yana motsi.

“La'ilaha illallahu,” ta ce a hankali. “Shekara nawa tana cikin laka? Itace shina ruɓewa. Ƙashi ma shina ruɓewa. Wagga ko rubutun jikinta bai goge ba.”

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar. Ni ma ya kama ni. Abin da muka tsotsa muka yar, muka manta da shi, ashe yana nan a ƙarƙashin ruwan da muke sha, cikin lakar da kifi ke kwana, yana ƙara ƙanƙancewa amma ba ya ƙarewa. Na ɗaga rariyar zan kaɗe ta a makwarara, ta cafke hannuna.

“Kul! Ina makwararag ga taka zuwa?”

Na ce tabki. Muka kalli juna. A juji ma tabki zai koma. Muka gwada ƙonawa, ya yi wari ya dunƙule ya zama wani baƙin ƙulli da ya fi na da tauri. A ƙarshe wani fasasshen tulu ta samo ta ce a riƙa tarawa a ciki har Allah ya kawo dabara.

Ita da kanta ta jawo ƙoƙon kayan aikinta ta mayar gefenta. Muka sake haƙo yumɓu. Aikin da a da na wuni ɗaya ne ya koma na mako, a jiƙa, a dama, a tace da rariya, a sake tacewa da tsumma, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwa, a shanya har ya yi daidai kwaɓi. Wannan duk ni na yi, bayana kamar zai karye. Gini kuwa ita ta yi, daga gindi har baki, a bayan zana inda ba mai gani, don ba ta son a sake taruwa. Ko yatsa ban sa ba. Da aka gasa mijina ya kai masallaci shi da ƙanensa, ladan ya karɓa don kunya kawai, aka ajiye ta a gefe.

Mako ya zagayo, ladan ya sake yin sallama a zaure. Na koma mazaunina na bayan ƙofa. Wannan karon ko gaisuwar bai gama ba.

“Inna, randa ta yi! Ƙasanta sai ɗan sanyi, ruwa kuwa awa na ƙanƙara. Ai gara da kinka bar ma yarinya aikin. Duk gari zancenta aka yi. Allah shi yi ma hannunta albarka.”

Na kama ƙofa zan fito, surukuta ko ba surukuta ba, in gaya masa wadda ta gina. Sai na ji muryar Inna, lafiya lau.

“Amin, Malam. Ai na daɗe ina koya mata.”

Da ya tafi na tare ta a tsakar gida, na ce don me za ta yi haka, bayan duk abin da aka faɗa a kanta. Ta zauna a kan turmi tana kallona kamar na yi tambayar yara.

“In nic ce ni ce, su ce sa'a ce, su zauna jiran ta gaba ta zuba. Sun riga sun yanke. In sun ce ke ce, gobe su taho saye. Ke ad da sauran shekaru gaba, ba ni ba.”

“To sunanki hwa, Inna?”

“Ni dai abin da nika son sani, ko hannuna lahiya shi ke. Na sani yanzu. Ke ma kin sani. Tashi ki jiƙa yumɓu.”

Haka kuwa aka yi. Masu saye suka dawo, daga Zurmi ma an zo, kowa yana tambayar tukwanen Amarya. Ina tacewa tana ginawa a bayan zana, in na gina nawa ta karɓa ta gyara bakin tana zagina, har sai da hannuna ya kai inda ba ta samun abin gyarawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba har ta koma ga Allah, ni ma ta hana ni. Da rashin zaman lafiya ya taso mu daga garin muka dawo Kaura, sunan ya biyo ni. In na haɗu da mutanen garinmu a wajen biki ko gaisuwar mutuwa, har yanzu mai randar masallaci suke ce mini, kuma ina amsawa don ita ta ce in amsa. Amma ba ni na gina ta ba. Ni tace yumɓu kawai na yi.